Damisar Da Na Kashe

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na kai kaina kasuwa ba, kuma tun yanzu in faɗa muku, ni ne wawan labarin.

Na daɗe ina ba jikokina labarin damisar da na kashe a dajin Borno ina saurayi. Gaskiyar magana a Fagge aka haife ni, atamfa nake sayarwa a Kwari, karatuna kuma a aji huɗu ya tsaya (ba ni na gaji ba, malaman ne). Manyan jikokin sun fara yi mini kallon tuhuma, amma Zahra, 'yar autarsu, ko rantsuwa za ta iya yi a kan damisar nan. Ita kaɗai ta rage mini.

Sai ma'aikatan wani gidan adana kayan tarihin dabbobi suka kawo kayansu makarantar su Zahra a Sabon Gari, aka ce kowane yaro ya zo da babba. Muka hau adaidaita. Tun daga shataletalen Bata nake tsaki, hankalina na kan shago.

Mun tarar yara sun kewaye tebur cike da ƙasusuwa da ƙoƙunan kawunan dabbobi, wata malama tana nuna musu haƙora: mai fiƙa nama yake ci, mai faffaɗan turame ciyawa. Ni ban saurara ba. Ina tsaye, in duba waya, in gyara hula, in leƙa ƙofa.

Malamar ta ce, "Wa zai nuna mana kan damisa?"

Zahra ta daka tsalle. "Kakana! Shi ya kashe ta da hannunsa!"

Aka yi tafi. Mama Ngozi, wadda ke sarin atamfa a wurina, ta kawo nata jikan, ta tura ni gaba tana cewa, "Alhaji, ashe kai maharbi ne!"

Na dubi kawunan nan, duk dariya suke yi mini. Na ce a raina damisa ai ba ƙaramar dabba ba ce, na sunkuci wanda ya fi girma, na ɗaga sama da murya irin ta masana: "Ga ta."

Zahra ta ja mini riga a hankali. "Kaka, wannan ba shi da fiƙa."

Malamar ta yi ƙasa da murya don mutuncina, amma kowa ya ji: kan jaki ne.

Na ce, "To, ai damisar Borno daban take."

Muka koma gida. Zahra ta wuce wajen kakarta ta zayyane komai, sannan ta tambaya, "Hajiya, da gaske ya kashe ta?"

Na yi gyaran murya zan kare kaina. Hajiya ko ɗagowa ba ta yi daga tsintar shinkafarta ba.

"Malam, kai da in ɓera ya shigo ɗaki ni kake kira daga kan gado?"