Shanyar Tsohuwar Lisbon

Ba zan taɓa mantawa da birnin Lisbon ba, kuma ina kyautata zaton akwai wata tsohuwa a can da ita ma ba za ta manta da ni ba.

Bayan na kammala digiri ne aka gayyace ni taron ɗalibai a can. Da zan bar Daura, mahaifiyata ba ta nemi tsaraba ba. Cewa ta yi, "Ka tafi da mutuncinka, ka dawo da shi." Na ce, "In sha Allahu, Inna" (a raina kuwa ina mamakin wai kamilin mutum irina ake wa wannan gargaɗi).

Birnin ya burge ni matuƙa. Gidaje rawaya da shuɗi da ruwan hoda sun hau kan tuddai kamar jeren kwanukan amarya. Tituna kuwa daga hawa sai gangara. Ni da na tashi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, na riƙa tsayawa kamar mai kallon gari, alhali numfashi nake nema. Ɗan rakiyata shi ne Nura, ɗan garin Babban Mutum da ke karatu a can.

Wata rana muna wani lungu, Nura ya shiga kanti, sai hadari ya taso. Ga shanya a igiya ƙarƙashin wata taga, babu kowa. A unguwarmu, wanda ya ga yayyafi ya wuce shanyar maƙwabta, an san bai sami tarbiyya ba. Saboda haka na naɗe hannun riga na shiga kwashewa, har ina ninkewa.

Sai tagar ta buɗe, wata tsohuwa ta ƙwalla ihu. Maƙwabta suka leƙo ta ko'ina. Ga ni tsaye rungume da zanen gado da wasu ƙananan tufafi (kunya ba za ta bar ni in ambace su ba). Na ɗaga su sama ina nuna mata hadari, ihun ya ƙaru. Nan take a raina na hango 'yan sanda, na hango labari ya isa kunnen Inna.

Nura ya fito a guje. "Kai, Malam! Daga zuwa sai sata?"

"Taimako nake yi!"

"Wa ya roƙe ka?"

Yana tsaka da yi mata bayani da harshensu ruwa ya kece. Shanyar kowa a lungun ta jiƙe, ban da tata. Tsohuwa ta dube ni, ta dubi kayan, ta yi dariya har da hawaye. Ta ja mu ciki, ta ba mu gahawa da wainarsu mai ƙwai. Da za mu tafi ta faɗi wata magana, Nura ya fassara: "Ta ce gobe ma tana da wanki."

Da na dawo gida Inna ta tambaya, "Ina abin da na ce ka dawo da shi?"

Na ce, "Yana nan, Inna, amma da ƙyar aka ƙwato shi."

Yanzu ko a Daura, ba na taɓa igiyar kowa sai na yi sallama an amsa.