Karen da Na Koya wa Son Awaki

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da karena ya nuna wa dattawan unguwarmu abin da na koya masa ba. Abin da ya fi ciwo, bai yi kuskure ko ɗaya ba.

Lokacin ina lise, wato babbar sakandare, a nan Madarunfa. Baba yana da garka kusa da tabki, inda yake noman rani, salati da tumati da ɗan albasa. Damuwarsa ɗaya ce, awakin maƙwabcinmu Malam Idi, domin darnin kara ba ya tsare akuya mai yunwa. Sai kawuna da ke garin Gabi ya aiko mana da wani jan kwikwiyo mai manyan tafuka. Ba mu taɓa kiwon kare ba. Inna ta ce ba zai taka mata tsakar gida ba, kuma kada ya kusanci kwanukanta. Baba kuwa ya yanke magana a taƙaice.

"A garka zai zauna. In ya kori awaki, ya ci abincinshi. In bai kora ba, ya nemi wani ubangidan." Sannan ya dube ni. "Kai mai karatu, kai za ka koya mishi."

Na sa masa suna Barde. (Tun daga sunan na fara ɗaukar alkawarin da ba ni zan cika ba.)

Shawara kam na same ta a kyauta. Wani ya ce in zuba masa barkono a abinci ya yi zafin rai. Wani ya ce in ɗaure shi a rana har ya tsani duniya. Wani abokina a aji ya ce sanda kaɗai kare yake ji. Ni da ko kaza ba na iya kora da ƙarfi, na ce na gode. A zuciyata kuwa na ce zan yi abin da na saba: in bincika.

Na yi ta sauko da bidiyoyi a waya, ina kwatanta su kamar mai shirin jarrabawa. Akwai wani mutum mai tsawa da sarƙa, na watsar da shi. Akwai mai amfani da wani ɗan abu mai ƙara ƙas-ƙas, wanda ba a sayar da shi ko a Maradi. Daga ƙarshe na tsaya kan wata mata mai magana da Faransanci a hankali. Tsarinta mai sauƙi ne: ba duka, ba tsawa. In kare ya yi daidai, a yaba masa, a ba shi ɗan abin taunawa nan take. Wannan ya dace da halina, har na ji kamar da ni take magana.

Kuma tsarin ya yi aiki, wannan ba zan ɓoye ba. Na gwada busasshen kifi da ƙuli-ƙuli, na ga Barde ya fi son ƙuli-ƙuli, sai na mayar da aljihuna rumbunsa. Kafin a jima ya iya zama, ya iya kwanciya, ya iya miƙo ƙafa.

Sai na zo darasin da matar ta ce ya fi kowanne muhimmanci: a saba wa kwikwiyo da dabbobin da ke kewaye da shi tun yana ƙarami, don kada ya girma yana kai musu hari. Ta nuna nata karen kwance da kyanwa a kan kujera. Na duba kewaye da mu. Kyanwa babu. Awakin Malam Idi ne kawai.

Ina ganin ka riga ka hango inda aka dosa. Ni ban hango ba. Ni darasi na gani, kuma ban taɓa tsallake darasi ba.

Kullum bayan na taso daga makaranta, sai in ja Barde zuwa bayan darni inda awakin suke kiwo. Ranar farko ya yi musu haushi, gashin bayansa ya tashi, wato ainihin abin da Baba yake ciyar da shi dominsa. Na hana shi ƙuli-ƙuli. Da ya yi shiru, na ba shi. Haka muka yi ta yi, da haƙuri, har ya kai yana kwanciya tsakaninsu, 'yan awaki suna hawa bayansa, ni kuma ina ce masa "Birabo", wato madalla, ƙasa-ƙasa kamar yadda matar take yi.

Da salati ya yi kyau, sai ya fara raguwa. Baba ya duba darni, bai ga inda aka karya ba. Ya ce to, tunda akwai kare, kuma akuya ba ta buɗe ƙofa, mutum ne yake buɗe musu. Maganar ta kai kunnen Malam Idi, kuma bai ji daɗinta ba. Mutanen da suke gaisawa kullum a ƙofar masallaci suka koma ɗaga hannu daga nesa.

Wata safiyar Lahadi Baba ya kira Malam Idi da dattawa biyu, ya ce a je a gani da ido. Ni ma aka ce in biyo. A hanya Baba yana ta bayani.

"Wanga kare ba irin na ƙauye ba ne. Da ilimin Turawa yaron nan ya hore shi. In ba hannun mutum ba, akuya ba ta isa ta shiga ba."

"To, Allah ya nuna mana," in ji Malam Idi.

Allah kuwa ya nuna mana. Muna buɗe ƙofar garka, muka ga ƙasa tana tashi a can kusurwa, bayan wata tsohuwar randa. Barde ne ya fito daga ramin da ya haƙa ƙarƙashin darni. Ya girgije jiki, ya koma gefe ya tsaya. Sai ga jar akuya ta kutso kai. Sai baƙa. Sai 'ya'yansu. Suka bazu cikin salati kamar waɗanda aka gayyato walima.

Barde ya hango ni, ya taho da gudu, ya zauna daidai gefen jar akuyar da ke tauna ganye, ya natsu, ya ɗago ƙafa ɗaya, idonsa a kan aljihuna.

Ga wurin da nake so ƙasa ta tsage in shige duk lokacin da na tuna. Ban san sa'ad da hannuna ya shiga aljihu ba. Na dai ji bakina ya ce, "Birabo, Barde," na kuma ga ƙuli-ƙuli ya bar yatsuna. A gaban Baba. A gaban dattawa.

"Mi ka ba shi?" in ji Baba.

"Lada ne, Baba."

"Ladan mi?"

"Bai... bai yi musu haushi ba."

Ɗaya daga cikin dattawan ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Malam Idi bai ɓoye tasa dariyar ba, sai da ya dafa randa.

"Ɗan lakwal mai karatun boko, Allah ya ƙara basira! Ni da nake biɗar makiyayi tun bara, ashe kana nan kana hora mini shi!"

Baba ya daɗe yana kallon salatinsa. Sannan ya miƙa wa Malam Idi hannu ya ce, "Na zarge ka a banza, ka yafe mini." Ni ko kallo ban samu ba, kuma da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Na roƙa a ƙara mini lokaci, na ce zan nemo wani bidiyon. Baba ya ce salatin da ya rage ba zai kai ƙarshen karatuna ba. Ranar nan Barde ya koma hannun Malam Idi, ni da kaina na kai shi. Yanzu shi ke raka awaki kiwo, yana dawo da su cif, har mutane suna tambayar Malam Idi wa ya hore shi. Shi kuma ba ya ɓoyewa, yana nuno ni ko da daga nesa ne.

Ba na ganin laifin matar nan, duk abin da ta faɗa gaskiya ne. Karenta aikinsa kwanciya a kujera, ni ne ban tsaya na tuna aikin da aka ɗauki nawa ya yi ba. Don haka in ka samu kwikwiyo, kafin ka tambayi yadda za ka koya masa, ka fara tambayar kanka wa kake so ya kora. In ka ga dama ka tambayi babanka ma, tunda garkarsa ce.