Rasuwar Siriri, Burushin da Ke Sa wa Sojojina Ido

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da bakin da aka kuskure da ruwan gishiri har ya fara saɓulewa, nake sanar da 'yan'uwa da abokan wasa rasuwar burushina, wanda aka fi sani da Siriri. Ya rasu ranar Alhamis da la'asar a cikin 'yar tukunyar dafa ƙwai, bayan jinyar 'yan makonni. Ni ne mai jinyarsa, kuma ni ne na ƙarshe a gidan da ya san abin da ke damunsa.

Waɗanda ba su san marigayin ba suna bukatar ɗan bayani, kuma bayanin ba zai ƙara mini daraja ba. Ni magidanci ne mai furfura da gilashin karatu, kuma ina tara sojojin roba. Kowannensu bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Guntu-guntu suke zuwa a kwali, hannu daban, kai daban, bindiga daban, sai mutum ya yanke, ya kankare, ya manne da gam, sannan ya zauna ya yi musu fenti ɗaya bayan ɗaya. Idan runduna ta haɗu sai mu ɗauka mu tafi ɗakin da muke haya a saman wani shagon taya, mu jera su a kan tebur tsakanin duwatsun soso da gine-ginen kwali, mu jefa 'ya'yan lido, mu auna tazara da tef ɗin tela, mu yi yaƙin duniyoyin da babu su. Tawa ana kiranta Rundunar Tsatsa, mutanen wata duniya mai rana biyu. Maiɗakina tana kiransu 'yan tsanarka.

Marigayi Siriri shi ne mafi ƙanƙanta a kofin burusaina. Gashinsa bai fi na gira kauri ba, tsininsa kuwa ya fi na allura. Shekara da shekaru yana aiki guda ɗaya da babu wanda ya iya sai shi, wato sa wa soja ido. Ɗigon fari, sannan ɗigon baƙi a tsakiya, a fuskar da ba ta kai ƙwayar wake ba. Bai taɓa raba gashi ba, bai taɓa zubar da fenti inda ba a aike shi ba. Ya yi haƙuri da rawar hannuna, ya rufa mini asiri lokacin da idona ya fara rauni. Sojan da wani burushi ya sa wa ido yakan fito kamar wanda aka tasa daga barci da mari, amma wanda Siriri ya taɓa, kallonka yake yi har ka ji kamar ka gaishe shi.

Ba shi da yawan magana. Sauti biyu kawai na sani daga gare shi. Na farko, ƙal, ƙal, ƙal, idan na wanke shi na karkaɗe ruwan a bakin kofin gilashi. Na biyu, tsut.

Dole in tsaya a kan wannan tsut ɗin, domin a nan ajali ya shigo. Idan an wanke burushi irin wannan, gashinsa yakan baje, kuma hanyar dawo da tsininsa ita ce a sa shi tsakanin leɓɓa, a ɗan murza, a zaro. Duk mai wannan aiki da ya ce maka shi ba ya yi, ka duba gefen bakinsa. Ni dai na yi suna a kai, har abokai suna kirana Bakin Fenti, kuma ina iya gaya maka launin fenti ido rufe: ja yana da ɗan zaƙi, fari kamar alli, na ƙarfe kamar ka tsotsi makulli. Na daɗe ina alfahari da wannan ilimi.

Rashin lafiyar ta fara ne a lokacin da ba na son kowace irin matsala. A bana ne, karon farko tun da muka fara wasan, na kai wasan ƙarshe na gasarmu, kuma wanda zan kara da shi ranar Asabar shi ne Mai Kemis, mutumin da ke da rundunar ƙwarin sararin sama da dariya irin ta wanda bai taɓa shan kashi ba. Dokar gasar ta ce kwamandan da ba a gama wa fenti ba, ba ya hawa tebur, kuma runduna ba ta fita ba kwamanda. Na sayi sabon janar musamman saboda wannan rana. Na ba shi gashin baki, na ba shi tabo a kunci, na ba shi furfura a gefen kai irin tawa. Idanun na bari sai ƙarshe, kamar yadda aka saba.

A daidai wannan lokaci ne surukina, mahaifin maiɗakina, wanda duk gidan muke kira Baba, ya zo ya zauna da mu don ganin likita. Aka gyara masa ɗakin baƙi, wanda ke kallon lungun da teburina yake.

Alamar farko ɗanɗano ce. Wani ɗaci mai sanyi, da ɗan ƙamshin kafur, da wani abu can ƙasa mai kama da ruwan da aka jiƙa tsumma. Na ɗauka sabon koren fentin da na saya ne. Na je ɗakin wasa na yaba shi a gaban jama'a, na ce ban taɓa jin fenti mai zurfin ɗanɗano irinsa ba. Mutum biyu suka saya a kan maganata. Da suka dawo suka ce nasu ba ya wannan ɗanɗanon, na ce musu harshe ne ba su da shi.

Daga nan marigayin ya fara maiƙo. Gashinsa ya soma rabuwa biyu, sai na yi tsut sau biyu kafin ya haɗu. Na zargi ruwan famfo, na zargi sabulu, na zargi tsufa. Wata rana na ga wani ɗan farin ɓawo maƙale a gindin gashin, na ce ai busasshen farin fenti ne. Hannuna duka biyu suna riƙe da abu, saboda haka da haƙori na cire shi. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan a ransa, domin ni na kasa cire shi daga nawa.

Ranar Laraba na dawo daga aiki da wuri don in sa wa janar ido. Na duba kofi, babu Siriri. Ina tsaye ina lalube sai na ji muryarsa daga ɗakin baƙi: ƙal, ƙal, ƙal. Na yi sallama na ɗaga labule.

Baba yana zaune a bakin gado, ƙafarsa ɗaya a kan kujera, ya ware yatsun da hannun hagu. Ban taɓa ganin ƙafar ba safa ba sai ranar. Cin ruwa ne, irin wanda ya daɗe ya zama ɗan gida: tsakanin yatsun ya yi fari ya jiƙe yana saɓulewa, babban farcen ya yi kauri ya koma ruwan ɗorawa. A hannun damansa ga Siriri. Ya tsoma shi a kwalbar magani, ya karkaɗe a bakin kwalbar, ya shiga da shi can cikin lungun ƙaramin yatsa, ya murza, ya fito da shi, ya bi ƙarƙashin farcen a hankali. Dole in faɗi gaskiya, hannun Baba bai yi rawa ba ko kaɗan.

Ya ɗago ya gan ni, fuskarsa ta washe. "Yauwa, ɗana, ka dawo? Wannan ɗan tsinken naka akwai taushi. Inda auduga ba ta shiga, shi yana shiga. Allah ya yi maka albarka."

Na ce, "Amin, Baba."

"Kullum idan na ɗauko shi daga kofinka sai in tarar an fiƙe bakinsa tsaf. Wa ke gyara shi haka?"

Na ce, "Haka yake zuwa daga kamfani, Baba."

Ya gama, ya goge marigayin a jikin safarsa, gaba da baya, ya miƙo mini. Na karɓa da hannu biyu.

Na sami maiɗakina a kicin. Ban ɗaga murya ba, saboda ɗakin baƙi ba shi da nisa, kuma saboda ina tsoron buɗe baki sosai. Ta ce ita ta ba shi. "Ya ce auduga tana maƙale masa. Na duba kofinka na zaɓo wanda ya fi kowanne ƙanƙanta, wanda gashinsa ya kusa ƙarewa, na ce wannan ba zai yi maka amfani ba. Manyan masu kyau duk na bar maka, ko godiya ba ka yi ba." Na tambaye ta tun yaushe. Ta ce tun ranar da ya zo. Sai ta tsaya, ta dubi bakina, na ga lissafin yana haɗuwa a fuskarta. Ta ajiye ludayi ta fita tsakar gida, kuma abin da na jiyo daga can ba kuka ba ne. Tun daga ranar an ware mini kofin shan ruwa, an ɗaura masa jan zare.

Babu kemis a unguwar sai na abokin karawata. Na je na ce masa wani abokina ne ya haɗiye maganin cin ruwa bisa kuskure, kaɗan-kaɗan, na tsawon makonni, ko akwai haɗari. Ya dube ni ta saman gilashinsa.

"Abokin naka, shi ma yana da suruki mai sayen kwalba a nan?"

Na hau karanta sunayen magungunan da ke bayansa.

"Ba zai mutu ba," in ji shi. "Ka ce masa harshensa ba zai taɓa yin cin ruwa ba har abada. Bakin Fenti, wannan ne koren mai zurfin ɗanɗano?"

Ya ba ni ruwan kuskure baki, ya ƙi karɓar komai. Ya ce abin da ya samu ya ishe shi.

Ranar Alhamis na yi ƙoƙarin ceto marigayin. Na wanke shi da sabulu, na wanke shi da ruwan kashe ƙwayoyin cuta, na sake wanke shi da sabulu. Na gwada haɗa tsininsa da yatsa, ya baje. Na gwada a tafin hannu, na gwada a jiƙaƙƙen ƙyalle, ya baje. Siriri bai san kowa ba sai leɓena. Janar yana tsaye a gabana da fararen ramuka biyu a fuska, yana jira. Ban san lokacin da hannuna ya ɗaga da kansa ba, sai da ƙamshin kafur ya daki hancina na farga, burushin yana dab da bakina, bakin kuma ya riga ya tsuke yana jiransa. Na tuna Mai Kemis da dariyarsa, na tuna shekarun da na yi ina shan kashi. Sannan na tuna farin ɓawon nan.

Na tashi na ɗora ruwa a wuta. Duk ɗan koyo ya san tafasasshen ruwa yana narkar da gam ɗin da ke riƙe gashin burushi, kuma ni da bakina na sha gargaɗin sababbin shiga a kan haka. Na gaya wa kaina tsomawa ɗaya ce kawai. Da na zaro shi, sanda ce da ƙarfe a hannuna, gashin kuwa yana yawo a saman ruwa ɗaiɗai. Bai yi ko ƙal ba. Tukunyar ma an yi mata ritaya, bisa umarnin maiɗakina.

Marigayin ya bar sojoji masu yawa da ke gani ta dalilinsa. Ya bar yayansa, Faffaɗa, mai shafa fentin farko, wanda bai san komai ba sai gaggawa. Ya bar Buzu-buzu, mai sa wa tankoki tsatsa. Ya bar ƙanensa, Matsakaici, wanda na gwada a kan wani ƙaramin soja don in ga ko zai gaji aikin, sojan ya fito da ido ɗaya yana kallon gabas ɗaya yana neman hanyar gida. Ya bar janar, wanda ba zan yi wa haka ba. Da safiyar yau na ɗauko hular ƙarfe mai rufaffiyar fuska daga akwatin guntaye, na shafa gam, na kifa masa. Gashin bakin, da tabon, da furfurar irin tawa, duk suna ciki, babu mai sake ganinsu. Doka ta ce a gama fenti, ba ta ce a ga fuska ba. Zai hau tebur gobe, zai jagoranci Rundunar Tsatsa a makance, kuma ban ga ta inda hakan zai bambanta da yadda nake jagorantarta ba.

Iyalan marigayin suna godiya ga Baba, wanda ya zo har teburina ya yi ta'aziyya da ya ji labari. Ya ce abin ya taɓa shi, domin ƙafar hagu ta kusa warkewa, saura ta dama. Ya daɗe yana duban kofin, sannan ya nuna Matsakaici da yatsa.

"Wannan ƙanensa ne?"

Na ce, "Shi ne, Baba."

"Ai kuwa suna kama."

Matsakaici ya koma ɗakin baƙi da zama. Ba a sa ran dawowarsa, kuma idan ya dawo ba za a karɓe shi ba.

Za a binne marigayin gobe Asabar da hantsi, kafin a tafi wasa, a cikin tukunyar fulawar da ke bakin tagar lunguna. An sa abin da ya rage nasa a cikin bututun tsohon biro, tare da gashin da aka iya tsamowa da matacin shayi. Rundunar Tsatsa za ta yi jerin gwano a kan tebur, janar yana gaba, tun da shi kaɗai ne ba shi da idon da zai zubar da hawaye. Mai Kemis ya nemi izinin yin jawabi, an hana shi. Ana roƙon masu zuwa kada su kawo koren fenti, kada su tambaye ni ɗanɗanon komai, kuma duk wanda ya zo da burushinsa ya riƙe shi a aljihu.

Masu ta'aziyya za su cire takalma a ƙofar falo kamar yadda aka saba. Baba kaɗai aka roƙa, ta bakin 'yarsa, ya bar nasa a ƙafa.

Sanarwa daga mai makoki,
Bakin Fenti,
a madadin Rundunar Tsatsa da sauran burusan da suka rage a kofi.