Yadda Ake Zaɓen Jitar Bes Mai Sa Maƙwabta Ɗaga Murya

"Ko ni ko wannan katakon, Baban yara. Ka zaɓa."

"Ba katako ba ne, bes ce."

"Ko ma uwar bes ce."

Kada ki damu da su, 'yar'uwa. Autana ne da matarsa Nas, tun safe suke yi a falo. Ita ta kwana wurin aiki tana son barci, shi kuma yana son ya zama makaɗi. Ni ina ɗakina, na jingina da bango ina rubuta miki abin da zai amfane ki. In ke tsohuwa ce irina, kunne ya fara nauyi, maƙwabtanki kuma 'yan ƙus-ƙus ne marasa imani, bi matakan nan. Na yi miki alkawari za ki riƙa sanin wadda za ta yi yaji a layinku tun kafin ta ɗaure kaya.

Mataki na 1: Samo mai bugawa

Ke ba za ki buga ba, yatsun sun gaji. Duba cikin gida ki nemi namijin da furfura ta fara tsiro masa, yana yawan tsayawa gaban madubi. Auta malamin koyar da tuƙi ne, yini yake yana ce wa mutane "birki, birki". Ranar da ya ce min tun yana yaro yake sha'awar jita, sai na kama hannunsa na juya, na ce, "Ai yatsun makaɗa gare ka, babanka ne ya danne ka." Marigayin ba ya nan balle ya musa.

Mataki na 2: Bes, ba 'yar siririyar ba

Akwai jita mai siraran tsirkiya shida, kukanta kamar na sauro. Maƙwabci zai rufe taga ya huta, kin yi asara. Bes tsirkiyarta huɗu ce masu kauri, kuma ba ta kunne take shiga ba. Ta bango take bi, ta hau ƙafar gado, ta sa cokula rawa a cikin kofi. Wanda ke bayan bango dole ya ɗaga murya, kuma bai ma san ya ɗaga ba. Matar direba da ke jikin bangona, da ko tarinta ba na ji. Yanzu har ra'ayinta a kan dangin mijinta na haddace.

Mataki na 3: Bi shi shagon

Kada ki bar shi ya tafi shi kaɗai, ja mai ƙyalli zai ɗauko. Ki ce kina son shan iska.

A shagon, ki kai idonki kan wuyan jitar ki hango shi har ƙarshe, yadda kike duba ɗinki ko ya karkace. Wuya mai lanƙwasa, ajiye. Ki shafa gefen 'yan ƙarafunan da ke jere a wuyan. In suna da kaifi za su yanke shi, namiji kuwa in ya ga jininsa sai ya yi mako yana jinya, wa zai buga miki? Ki rataya masa ita a kafaɗa. In ya yi nishi, ta yi nauyi, ƙarshenta saman kabad. Ya danna kowace tsirkiya daga sama har ƙasa. In kin ji zizar ƙuda a kwalba, ba ita ba ce. Ki murɗa 'yan mamurɗan, kada su yi ƙarar soya ƙwai.

Mai shago ya ce, "Mama, ke ma kin taɓa kiɗa ne?"

Na ce, "A'a ɗana, ni mai sauraro ce."

Mataki na 4: Gwajin bango

Jitar lantarki ba sifika, bebiya ce. Ki sa a jona ta da babba, ki ce ya riƙe tsirkiyar da ta fi kauri ya yi ta bugu. Ke kuma ki fita ki tsaya bakin shagon da ke kusa kina gyara takalmi. Ni tela na samu yana waya. Sifikar farko, leɓensa kawai nake gani. Da aka jona ta biyu, sai ga shi yana ihu cewa shi bai ƙona rigar ba, da ma haka aka kawo ta. Na koma na ce a naɗe mana wannan.

Mataki na 5: Ki tsare hanyar hedifon

Wannan shi ne babban maƙiyinki. Abu ne da ake kifawa a kunne, mai kiɗa ya ji kayansa shi kaɗai. Rowa ke nan. Mai shago ya miƙo shi wai kyauta, na ture. Na ce ɗan wata ƙawata ya sa, yanzu sai an yi masa magana da hannu. Ba dole ba ne ki kasance kina da ƙawar.

Mataki na 6: Ki jira kuskure

Ɗan koyo ya fi gwani amfani. Yana cikin bugu zai ɓata, ya tsaya cak. Maƙwabci kuma ya riga ya ɗauko gudu, ba birki. A shirun nan ne na tsinci matar direba tana cewa, "To ka faɗa wa yayarka, kowa ya san mijinta ba tafiya ya yi ba, gudu ya yi." Rannan ko abinci ban nema ba.

Mataki na 7: Ki rage taki muryar

Wannan da ban yi niyyar sa shi ba. Jiya ina waya da ƙawata, ta gaske, Auta yana bugu a falo, na ɗan yi bayani a kan baiwarsa. Sai ya ɓata, ya tsaya cak, ni kuma ba birki. Ni dai na zaci Nas barci take.

Ga shi yanzu ina jin ta tana cewa, "Je ka tambayi mai goya maka baya abin da ta faɗa jiya."

Ya zo ya tsaya a ƙofata, jita a rataye.

"Mama, da gaske kin ce kiɗana kamar ana jan kabad a bene?"

"Wa ya faɗa maka?"

"Kuma wai bango kike saurare, ba ni ba?"

"Auta, kabad ɗin ai mai kyau nake nufi."

"Kin ce yatsun makaɗa gare ni."

"Yatsun suna nan, ɗana. Kiɗan ne bai iso ba."

Ga shi can yana naɗe wayar jitar, wai zai mayar wa mai shago. Nas har da taya shi ɗaukar sifika, yau ta tuna tana da ƙarfi.

Saboda haka ki sani, ni ban aike ki ba. In gilashi ya tsage, in mai gidan haya ya zo, in surukarki ta daina gaishe ki, ba ruwana, ban san ki ba, wannan ma ba rubutuna ba ne, ido ba ya gani.

"Auta, ko sifikar ka bar min mana."

Ya buga ƙofa har bango ya girgiza. Na yi maza na manna kunne.