Rasuwar Tanderun Lalla Zhor

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, ni Lalla Zhor ta garin Berkane nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar tanderuna na gas, ranar Juma'a bayan la'asar, yana da shekara ashirin da shida.

Tare muka tare a gidan nan. Marigayi mai haƙuri ne, bai taɓa mayar da kwano ba. In an kunna shi sai ya ce "fuf!", ya lashe wa mutum gira, daga nan ya kama aikinsa shiru.

Ya yi doguwar jinya. Murfinsa ya daina rufuwa sai an tokare da kujera. Likitansa shi ne maigidana Si Miloud, wanda ya shekara huɗu yana cewa, "Bar shi, Zhor, gobe zan duba."

Ranar da ajali ya zo, dangin saurayin 'yata Hanane ne za su zo neman aure. Don in gasa musu kek, na gurza karas har yatsuna suka yi jini, na kankare ɓawon lemun bishiyarmu ta gona, na matse ruwansa, na zuba kirfa, na kaɗa ƙwai shida. Kek na cikinsa marigayi ya yi tari sau biyu, ya ce "tuf", ya cika. Saman kek ɗin ya ƙone, tsakiya kuwa kunu.

Haka na kai shi gaban baƙi da shayi. Uwar saurayi, Hajja Batoul, ta lakata ta ce, "Lalla Zhor, ci ake yi ko sha? Yarinyar ce ta gasa?"

Hanane ta sunkuyar da kai, idonta ya kawo ruwa. Na ce, "Babanta ne, Hajja. Ya nace sai ya gwada."

Si Miloud ya buɗe baki, ya kalle ni, ya rufe. Aka yi dariya, aka sa rana.

Marigayi ya bar kwanon gashi uku, da magurji, da tukunyar gas da yanzu take takaba.

Za a fitar da gawa ranar Litinin da hantsi, zuwa amalanken mai sayen tsofaffin ƙarafa. Muna hawa na huɗu, benen kuma ƙunci gare shi. Si Miloud ne zai sauko da mamacin a bayansa, kuma iyali na roƙon kada kowa ya kama masa.