Wanzala da Takalmin Dattawa

"Ni Wanzala, duk garin Mbale babu mai kai irin nawa! Ni na kawo mana na'urar nan, ba ta ƙarya, ba ta tonon asiri."

Haka yake cika mana kunne a ƙungiyarmu ta manoman kofi, mu kuwa sakarkaru muna tafa masa. Gaskiya dai na'urar tana da kirki. Bayananmu suna hannun ƙungiya, mu ne masu su. Ka ɗora yatsa, a yi mata tambaya guda, ta kunna kore idan e ne, ja idan a'a ne. Ba ta faɗin suna, ba ta faɗin shekaru.

Wannan ne ya yi wa gogan daɗi, don yana neman auren wata bazawara, Nabutsale, ya kuma rantse mata shekarunsa arba'in da biyar. Gashi ya sha baƙin rini, tafiya kamar sabon soja.

Rannan ƙungiya ta sayo takalman roba na shiga gona, kyauta ga duk wanda ya haura sittin. Wanzala ya ga takalma suna sheƙi, yawu ya tsinke. Ya ce a ransa, ai na'ura ba ta da baki.

Ya ja hula har hanci, ya lallaɓa layin tsofaffi, ya ɗora yatsa, aka tambayi na'ura ko ya haura sittin. Kore shar! Ya miƙa hannu ya karɓa, sai ya ɗaga ido. Ashe Nabutsale aka sa rabo.

"A'a, saurayi! Me ya kawo ka layin kakanni?"

"Na zo gwada na'ura ne, ƙanwata. Kin ga ta lalace."

Shugaban ƙungiya ya taso. "Wacce? Wadda ka ce ba ta ƙarya? Sake ɗorawa mu gani."

Ya sake. Kore. Ya canza yatsa, ya goge a wando, ya tofa masa yawu. Kore dai, har ta fi ɗazu haske.

"To idan kuskure ne, dawo da takalmin," in ji shugaba.

Wanzala ya dubi Nabutsale, ya dubi takalmi. Sai muka ga bawan Allah ya ƙara rungume takalmin a ƙirji.

Nabutsale ta jawo kujera, ta durƙusa da ladabi a gaban kowa.

"Zauna, Baba, in sa maka. Kada ka sunkuya bayanka ya riƙe."