Motar da Ta Shigar da Surukina Rumbu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je gaisuwar surukai a Tozai ba, kuma ko na so in manta, mutanen Illela ba za su bari ba. Har gobe ina jin haushin Sani mai walda, don shi ya zuga ni.

Tsohuwar a-kori-kura gare ni, mai shiga yashi, da nake ɗaukar albasa da ita. Lafiyarta ƙalau. Sai na kamu da kallon bidiyon masu hawa tudun rairayi da mota a waya, na kai ta wurin Sani na ce ya ɗan gyara mata fuska. "Ɗan" fa na ce!

Bawan Allahn nan ya ƙera mata ƙaton ƙarfe a gaba kamar ƙofar kurkuku. Ya jera fitilu a rufi, ya sa tayoyin da sai na yi tsalle nake shiga, ya kafa doguwar eriya (ba a haɗe take da komai ba), ya liƙa baƙar leda a gilashi, ya fesa mata koren fenti mai duhu. Ya kuma haɗa jiniya da oda, wai gyara ya yi mini.

"Wallahi in ka shiga gari da wagga," in ji shi, "surukinka da kai nai sai ya miƙe tsaye."

To, a wajenmu nan bakin iyaka, mutane iri ɗaya ne ke hawa mota mai wannan kama: masu sintirin kama kayan fasa-ƙwauri. A Illela aka haife ni, na san haka sarai, amma son burga ya rufe mini ido.

Mahaifin Hadiza, yarinyar da nake nema, Alhaji Mamman ne, dattijo mai kwarjini wanda da ma bai cika son bai wa direba 'yarsa ba. Da ƙyar ya yarda in zo in gaishe shi. Abin da ban sani ba, zaurensa cike yake da buhunan shinkafar da ya tsallako da ita a ɓoye daga Ƙwanni ta Nijar.

Tun a hanya na ga 'yan babur suna kwasa cikin gonaki. Na ɗauka girmamawa ce, har hannu nake ɗaga musu (ta bayan baƙin gilashi, don Allah ku ji wauta). Da na isa ƙofar gidan sai na danna oda don a san baƙo ya iso. Jiniya ta tsage gari.

Wani ya ƙwala ihu, "Ga su nan!" Mata suka ɗauki salati, samari suka yi ta jan buhuna zuwa cikin gida, wani ya haura katanga da jarka a ka. Kafin in diro daga mota, unguwar ta yi tsit.

Na yi ta sallama, shiru. Can sai Hadiza ta leƙo, ta dube ni, ta dubi motar, ta dafe kai.

"Kai na? Innalillahi! Baba na cikin rumbu."

Ashe Alhaji, da babbar rigar da ya saka don tarbata, shi ya faɗa rumbun gero yana karɓar buhuna, wani mai azarɓaɓi kuma ya ɗauke tsani ya ɓoye. Aka nemo tsani. Kansa ya fara fitowa, ba hula, gemu fari fat da ƙaiƙayi, maƙwabta sun cika tsakar gida suna kallo.

Ni kuwa me na yi? Na cire takalmi, na durƙusa a gindin rumbu kamar yadda aka koya mini, na ce, "Baba, ina wuni? An wuni lahiya?"

Ya tsaya a kan tsani yana susar wuya. "Kai ad da wagga mota?"

"Ni na, Baba."

"Mi ni yi maka, yaro? Ɗiyata kaka so, ko raina?"

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata.

Sai da kawunnaina suka yi ta zarya suna ba da haƙuri kafin ya sauko, bisa sharaɗin kada motar nan ta sake taka Tozai. Da na je wa Sani da faɗa, ko a jikinsa. Wai, "To, bai miƙe ba?" Na sa ya kwance tarkacensa kaf, ƙarfen gaban kuma Alhaji ya aiko aka ɗauka, yanzu shi ne ƙyauren garken tumakinsa.

Na dai auri Hadiza, na kuma koyi cewa kafin ka yi wa mota kwalliya, ka fara tambayar wa za ta yi kama da shi. Yanzu a kan babur nake zuwa gaisuwa, ko oda ba na taɓawa. Amma har yau, da zarar na durƙusa na ce "Baba, ina wuni", sai in ga hannunsa ya tafi wuya ya fara susa.